Surin da Anka Ɗaure wa Ciyawa

Sallar asuba kaɗai munka jira, munka bar Tajaye bisa amalanken jaki, ni da matar ɗana. Abin da ya tashe ni da tsufana, yayana ne. Tun farkon damina yake kwance, hura ba ta wuce mai maƙoshi, tuwo ko kallo. Rannan ya buɗe baki ya ce miyar naman kaza yake so, wanda ke tsirowa bisa surin gara, irin wadda innarmu ke yi muna can Bazaga. Mu nan fari ya cinye dajinmu, ba sauran suri mai rai. Na ce in Allah ya yarda zai sha.

Malbaza ƙura ce fara, har itatuwa sun yi furfura. Wani direban motar siminti ya ɗora mu bisa buhuna, kuɗin da ya karɓa kuwa, da can sai su kai mutum Tawa ya dawo. Mun sauka Konni fari fat, mai masa ta tambaye mu ko daga niƙa muke. Da marece munka isa Bazaga, gidan 'yar baffana. Kafin gari ya waye anka yi ruwa da tsawa. Na gode Allah, don bayan tsawa naman kazan ke fitowa.

Dajin da na sani ya zama gonakin gero da wake. Sai da munka wuce su duka munka sami sauran geza da sabara. Matar ɗana ta cika bakin zane da wasu farare da ta gani bisa kashin shanu. Na sa ta zubar, ta goge hannu da ƙasa. Laimar kwaɗi ce, mai zobe a wuya, ita ke juya cikin mutum. Wanda ake ci kuwa, hularsa ruwan toka ce mai tsini a tsaka, ƙafarsa na nitsewa cikin suri kamar saiwa, ƙanshinsa na ƙasar da ta sha ruwan fari.

Hantsi bai yi ba munka gan shi, ya kewaye wani suri kamar 'yan biki. Amma an ƙulle ciyawar gefe. A daji, ƙulli na nufin wani ya riga ka. Matar ɗana ta ce ƙila na bara ne, kuma wa ke ganinmu? Na taɓa, ciyawa ɗanya shar. Ba ni kai ma majinyaci abin da ba a ba ni ba. Na zauna.

Rana na hawa, huluna na buɗewa, ƙudaje sun fara sauka. Na san in azahar ta yi, tsutsa ta gaje shi. Matar ɗana ta juya min baya.

Can sai ga wata Bahillata da ƙwarya, tsohuwa kamata.

"Kaɗo, gadin surina kike?"

Na ce gadi nike, na gaya mata zancen yayana. Ta dube ni, ta dubi surin da ba a taɓa ba.

"Da kin cire, da na bi sawunki har gida da zagi. Tonu manyan, ki bar min ƙanana, ni haƙorana sun ƙare."

A rugarsu munka tsaga shi, munka barbaɗa gishiri, ya sha hayaƙi. Ta ƙara min da curin man shanu.

Washegari da la'asar munka shiga Tajaye. Ban ko wanke ƙafa ba na aza tukunya. Anka tada yayana, anka jingina shi da bango. Ya kai loma, ya daɗe yana tauna.

"Inna ta fi ki sa daddawa," ya ce. "Ƙaro."

Ku jikoki, abin da na ɗauko a tahiyar nan ke nan: sanin na ci da na kisa, ido ke koyonsa. Sanin naka da na wani, wannan sai an zauna cikin rana.