Daɓen Goggo da takalmin Mushe

In na ce maka na taɓa kafa sansanin tenis a Gure, ka ce ƙarya nake, ba zan ji haushi ba. Garin da in ka jefa ƙwallo ƙasa, rairayi ya haɗiye ta ko gyatsa bai yi! Amma wallahi an yi, yaran unguwarmu shaida ne.

Wani mushe ne, wato malamin boko, mai koyar da wasanni a Damagaram ya ce zai ara mana ƙwallaye da raket na buga su tsawon hutun lakwal, wato makaranta, ya zauna ya koya wa yara. Sharaɗinsa ɗaya: ya saki ƙwallo a filinmu, ta tashi ta kai ƙugunsa. In ba ta kai ba, motar la'asar ta mai da shi gida da jakarsa. Ni kuwa na riga na cika baki, yara sun cika ƙofar gidanmu kamar ana rabon dabino.

Siminti ya fi ƙarfinmu. Sai na tafi wajen goggona, wadda duk ɗakin amaryar da ke unguwar ita ta daɓe shi. Muka yi ta jigilar laka daga kwari a bayan jakuna. Ta tara mata, gwiwa a ƙasa, suna dukan ƙasa da madaɓi suna waƙa, suka yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa har wurin ya yi sheƙi, ƙuda in ya sauka sai ya zame. Muka ja layi da toka, muka ɗinke tsofaffin gidajen sauro muka ɗaure a tsakiya a matsayin raga.

Ranar buɗewa Mushe ya sauko daga mota da hantsi, fari fat tun daga hula har takalmi. Yara sun jeru, ba mai tari. Ya ɗaga ƙafa zai hau, sai madaɓi ya tare masa gaba.

"Ina zuwa da takalmi?" in ji Goggo.

"Inna, filin wasa ne."

"Daɓe ne. Ko gwamna ya zo, a bakin nan zai tuɓe."

Na tsuguna gefenta. "Goggo, don Allah, baƙo ne."

"Baƙon makaho ne? Bai ga ƙafar kowa ba?"

Na koma wajen Mushe, na ce ya daure ya cire. Ya ce shi bai taɓa riƙe raket ƙafa a tuɓe ba, kuma ba a Gure zai fara ba. Ya zuge jakarsa, ya rataya, ya tambayi hanyar tasha. Gumin da ya karyo mini a lokacin, da an tara da ya shayar da garka, lambu guda cur. Wata 'yar yarinya a layin gaba ta fara shessheƙa.

Akwai ƙwallo ɗaya a aljihuna, wadda ya ba ni in riƙe masa tun saukarsa.

"Goggo, ita wannan dai ba ta da takalmi, ko?"

Ta harare ni. Daga bakin fili na miƙa hannu na sake ta. Tam! Ta taso ta wuce ƙugu, ta kusa taɓa mini haɓa. Mushe ya tsaya cak. Ya dubi ƙwallon tana tsalle har ta gangara gindin gidan sauro. Sannan ya ajiye jaka, ya zauna a rairayi, ya fara kwance igiyar takalmi. Yara suka ɓarke da ihu har awakin maƙwabta suka watse.

Ya hau da safa, ya rarraba raket, ya juyo.

"Na zauna, Inna. Amma gobe da takalmi za mu hau, dokar tenis ce."

Goggo ta kakkaɓe zanenta.

"Da muke dukan ƙasa, ita dokar tana ina? Ta zo ta yi nata daɓen, ta hau da kofato ma."