Gonar Baba a Turken Doki

Shekarar da sojoji suka kifar da gwamnati, ba su kai mahaifina gidan kaso ba. Gidansa suka mai da masa kurkuku. Shi ke riƙe da sarautar garinmu, can gefen Matankari, kamar yadda ubansa da kakansa suka riƙe. Wani kumandan soja ya zo daga Dogon Dutsi da mota, ya ce daga yau ba fita, ba karɓar gaisuwa, ba shari'a a zaure. Suka kwance dokinsa suka tafi da shi, suka bar mana jandarma ɗaya yana gadi a ƙofa. Ni lokacin aurena ya mutu na dawo gida, don haka komai a idona aka yi.

Baba bai fasa komai ba. Kullum da safe sai ya naɗa rawani, ya zauna a zaure yana fuskantar ƙofar da ba mai shigowa. Abin yana ƙona mini rai. Na taɓa ce masa ko ya huta da naɗin nan, tunda ba mai gani. Kallon da ya yi mini ya ishe ni amsa.

Sai damina ta kawo kai. A garinmu ba mai zuba iri a ƙasa sai mai sarauta ya fara shuka da hannunsa. Haka muka taso muka tarar, kuma ko wanda ba ya ga maciji da gidanmu ba ya tsallake wannan. Aka yi ruwan shuka mai kyau, ƙasa ta jiƙu sharaf, amma kowa ya jingine sungumi yana jira. Sabbin masu mulki suka tura shugaban kwamitinsu ya je ya fara. Ya je da takalminsa mai sheƙi, ya shuka, ya waiga, ko akuya ba ta bi shi ba.

Danshi ya fara janyewa. Mata na leƙo ni ta katanga suna tambayar yaushe Baba zai fara, don in wannan ruwan ya wuce ba wanda ya san ranar wani. Rumbuna kuwa sun kusa ƙarewa. Kumandan ya aiko cewa za a bar Baba ya je gona, amma ba rawani, kuma a bayan shugaban kwamiti zai tsaya. Na ji tsoro ƙwarai. In ya yarda sun karya shi a gaban mutanensa, in ya ƙi gari ya kwana da yunwa saboda shi.

Baba ya saurari ɗan aiken har ya gama, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗiyata, ɗauko min sungumi da ƙwaryar iri."

Ya nufi turken doki, inda taki ya daɗe yana taruwa. Ya tattare babbar riga a kafaɗa, yana sara, yana zuba iri, yana rufewa da diddige. Jandarman ya shigo da sauri.

"Baba, mi kake yi haka?"

"An hana ni hita, yaro. An hana ni shibka?"

Jandarman ya tsaya yana sosa ƙeya. Ni kuwa ban jira ba, na taka turmi na ɗaga kai bisa katanga, na rangaɗa guɗar da ban taɓa yin irinta ba ko a bikin ƙanena. Kafin rana ta take, hanyar gona ta cika da mutane.

Hatsin Baba ya yi kyau har ya ba ni haushi, don ya cinye mana wurin shanya. Zangarniya ta zarce katanga, mai wucewa sai ya rage tafiya ya ɗan rusuna, wai ƙaya yake cirewa.

Ana dab da girbi kumandan ya dawo da kansa, fuska a sake, ya ce an yi wa Baba afuwa, mota na jira ta kai shi Dogon Dutsi ya yi godiya. Baba na cikin hatsinsa yana korar tsuntsaye. Ko juyowa bai yi ba.

"Ka ce musu ina da aiki. In na girbe, na hito da ƙahwata."