Ranar da Jikana Ya Ƙame a Kwamfuta

Kwamfutar gidanmu ta girmi autana. A gwanjon wani ofis na Abuja na saye ta, na rungumo ta a mota har Suleja kamar mai rakiyar amarya. In an kunna ta sai ta yi tari, ta yi gyaran murya, ta tsaya shawarar ko ta tashi ko ta koma barci. Duk da haka lafiya muke zaune da ita, har shekarar da 'yata ta fari ta haihu.

Tana can Malesiya, inda mijinta ke karatu. Bayan suna, surukin nawa ya ɗora bidiyoyin jaririn a wani shafi na intanet, ya turo mana hanyar shiga. Lokacin kuwa Inna, mahaifiyata, ta zo daga ƙauyenmu na wajen Tafa. Na nuna mata a waya, ta juya ta sama da ƙasa, ta ce ita ba ta ga ango ba, ƙwayar gyaɗa ta gani cikin tsumma. Idonta ya yi rauni. Na ce to, mu koma babban allo.

Aka jawo mata kujera, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Jariri ya bayyana yana wutsil-wutsil da ƙafa.

"Ka ga angona," in ji Inna. "Hancin gidanmu ne, ba na mutanen uban ba."

Sai yaro ya ɗaga hannu, ya tsaya cak, baki a buɗe. Wani ɗan zobe ya hau juyawa a kan cikinsa. Can ya zabura, ya fizge kamar an tsikare shi, ya kuma tsayawa.

Na yi tsaki, na ce, "Ya sake ƙamewa."

Inna ta juyo a hankali. "Sake? Da ma yana ƙamewa?"

"Kullum haka yake yi, Inna. Wani lokaci ma sai an kashe shi an tayar."

"A kashe wa?"

"Bidiyon nake nufi."

Ta miƙe ta shige ɗaki. A nan na tuna abin da bakina ya manta. Akwai wani ƙanena da ban yi wayo da shi ba, wanda ciwon taune-taune ya ɗauke yana goye. Haka aka ce ya riƙa yi: ya sandare, ya fizge, ya sandare.

Aka kai mata tuwo, ta ture. Aka dama kunu, ta ce ta ƙoshi, alhali maganin da take sha sai da abinci a ciki. Na kira 'yar tawa a waya, ta rantse yaro lafiyarsa ƙalau, har ta sa shi ya yi kuka a ji. Inna ta saurara, ta miƙo mini wayar.

"Kun haɗa baki. Tsohuwa ce, kada a gaya mata. Ni da idona na gani, kai da bakinka ka faɗa."

Ta ce ba za ta sa loma a baki ba sai ta ga yaron nan yana motsi irin na 'ya'yan mutane. Wanda ya san Inna ya san ba ta ciniki.

To, ita tana zargina, ni kuma na shiga neman wanda zan zarga. Na fara da kamfanin layi. Na ciro katinsu daga 'yar akwatin da ke kawo mana intanet, na sa na wani kamfanin. Yaro ya ƙame a daidai inda ya saba, kamar an biya shi. Na ɗauki akwatin na ɗora a taga, na mayar kan firij, na ɗaure ta a reshen mangwaro har uwargida ta tambaye ni ko tarkon tsuntsu nake ɗanawa. Na tsaya a tsakar gida ina hararar Dutsen Zuma. Abu ne ƙato haka, tsaye tsakaninmu da Abuja, ba aikin fari balle na baƙi. Wa ya san sabis ɗin mutane nawa yake tarewa?

Daga nan hankalina ya koma kan maƙwabcina, Ticha, tsohon malamin makaranta ɗan Filato. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shi ke aiko mana da shinkafar Kirsimeti, mu aika masa da naman Sallah, kuma wata rana cikin daɗin hira na taɓa ba shi kalmar sirrin intanet ɗinmu. Na lura duk lokacin da jikana ya ƙame, waƙar coci na tashi daga gidansa sumul, ko tuntuɓe ba ta yi.

Na same shi yana ba kajinsa dusa.

"Ticha, waƙoƙin nan naka suna tafiya da kyau."

"Mun gode Allah, Alhaji." Alhaji yake ce mini, ko filin jirgi ban taɓa shiga ba.

"Ba sa yankewa?"

"Yaya za su yanke? Kaset ne."

Ya shiga ya fito da rediyon, har da murfin da aka ɗaure da roba. Ban yarda nan take ba. Na ce to wayarsa fa? Ya zaro ta, irin mai tocilan, ya ce babbar ta faɗa rijiya tun damina. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Alhaji, zuwa ka yi ka kama ɓarawo?"

"Gaisuwa na zo yi."

"Da wannan fuskar?"

Na gaya masa komai, yana ta dariya. Ya daina dariya da ya ji Inna ba ta ci ba. Ya ce a wajen kallon akwai wani ɗan maɓalli mai kamar haƙoran inji, in an rage kyawun hoton, yana gudu. Na dawo na yi haka, na sauke shi can ƙasa. Ai kuwa yaro ya yi ta motsi ba tsayawa. Na ruga na kamo hannun Inna.

Ta zauna, ta kara fuska. Abin da ke allon ya yi kama da dunƙulen fura a cikin hazo.

"Ina fuskarsa?"

"Ga ta nan, Inna."

"Ɗazu yana da ido da hanci. Yanzu ka shafe su. Me ke fuskar da ba ka so in gani?"

Na mayar da hoton yadda yake, na danna bidiyo na gaba don kawai in sami abin yi da hannuna. Na wanka ne. 'Yata ta tallafe jaririn a cikin baho, ta ɗebo ruwa a kofi tana tsiyaya masa a baya. Sai komai ya tsaya. Yaro ya tsaya, uwar ta tsaya, ruwan ma ya tsaya a iska tsakanin kofi da baho, miƙe kamar sanda.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta taɓa gilashin daidai ruwan.

"Wannan ruwa ne?"

"Ruwa ne, Inna."

"Shi ma ya ƙame?"

"Shi ma."

Ta koma ta jingina. Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce, "Ruwa dai ba ya taune-taune. Ashe injinka ne ba shi da lafiya, ka bar ni ina zargin bayin Allah."

Na danna tsayawa don in kare mutuncin kwamfutata, muka shiga musu kan ko tsufa ne ke damunta ko zafi. Muna cikin haka na ga wani siririn layi a ƙasan hoton yana cika da kansa. Da na sake dannawa, ruwa ya zubo, yaro ya callara kuka, ya yi ta harbin iska har ƙarshen wankan ba ko gargada. Ashe kwamfutar so take a ba ta lokaci ta tattaro abin kafin a ce ta nuna.

Inna ta sa na maimaita mata har la'asar ta kawo jiki. Sannan ta ce, "Kira mini yarinyar nan. Haka ake riƙe wuyan jariri? Kuma a ɗumamo tuwon, a sa man shanu."