Gonar da Na Rubuta Ruwa

Ni ne na yi kuskure, ba na'ura ba. Na daɗe ina ɗora mata laifin. Yau dai gara ku ji daga bakina, musamman ku sababbin ma'aikata.

A lokacin ina ƙaramin jami'in rajista a wani shirin tallafin noman rani. Aikina in je gona, in tsaya a tsakiyarta, in duba kwamfutar hannu. Tana ɗauke da hoton ƙasa wanda tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama, da wani jan ɗigo mai nuna inda nake tsaye. Idan ɗigon ya faɗa kan kore, gona ce, mai ita zai samu injin ban ruwa. Idan ya faɗa kan shuɗi, ruwa ne, sai a rubuta mutum masunci, a ba shi taru. Kwana uku aka yi ana koya mana wannan, na fito ina jin babu wanda ya kai ni sanin duniya.

Har gobe ina tuna ranar da na je gonar Baba Iro, wani dattijo a bakin dam ɗin Tiga ta ɓangaren Bebeji. Watan Janairu ne, tumatirinsa ya fara fure. Na tsaya a tsakiya na duba. Ɗigona tsundum cikin shuɗi.

Na ce, "Baba, nan ruwa ne."

Ya dubi ƙafata, ya dubi fuskata. "Ina?"

"Nan da muke tsaye."

"To ɗana, naɗe wandonka mana kada ya jiƙe."

Ya yi mini bayani da haƙuri, cewa dam yakan cika da damina, da rani ya janye, su bi bayansa su shuka. Ya ce, "Ruwan nan ya cinye garinmu ina saurayi. Yanzu kuma ya biyo ni ta cikin akwatinka?"

Na ce masa tauraro ba ya ƙarya. Na rubuta masunci. Har na ja masa kunne ya daina noma a cikin ruwa.

Da aka yi rabo, maƙwabtansa na tudu suka samu inji, shi aka miƙa masa taru. Da bokiti ya riƙa ban ruwa, ga tsufa, har rabin gonar ta bushe.

Wata safiya sai ga shi a ofis, tarun cike da tumatir. Ya sauke a gaban shugabarmu, Injiniya Rabi.

"Ranki ya daɗe, ga kifin bana. Ba shi da ƙaya."

Ta sa na buɗe hoton, ta nuna mini wani ɗan rubutu a kusurwa wanda ban taɓa karantawa ba. Ranar ɗaukar hoton ce, cikin watan Satumba, lokacin da dam yake cike.

Ta ce, "Malam Sabi'u, da ka je can, me ka taka?"

"Ƙasa, ranki ya daɗe."

"Me ka rubuta?"

"Ruwa."

Ta miƙo mini kwamfutar, ta koma kan aikinta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ran nan na gane hoton sama labarin ranar da aka ɗauke shi yake bayarwa. Ni kuwa an tura ni ne in ga abin da hoton bai gani ba, sai na je na ƙaryata idona.

An samo wa Baba Iro inji bayan mako uku. Ni na ɗauro shi a bayan babur. Na tarar da shi yana tuge busassun shuke-shuke. Da ya hango ni ya ce, "Tsaya nan, ɗana, bari in kira mai kwalekwale ya shigo da kai."

Ban yi dariya ba. Na cire takalmi, na tako har gabansa, na durƙusa.

Na ce, "Baba, ƙasa ce. Gonarka ce. Na ga tumatir da idona na ce ruwa ne, don kada a ce ban iya aiki ba. Abin da ya bushe a nan, ni na busar da shi. Don Allah ka yafe mini."