Kujerar Dudu a Motar Maiduguri

Har yau ban manta da ranar da Modibbo Hammadu, malamin dabbobi, ya shigo ofishina a Yola riƙe da hannun wata 'yar yarinya ba. Lokacin ba a daɗe da kafa Jihar Arewa maso Gabas ba, ana ta mayar da ma'aikata Maiduguri, ni kuma ni ke raba kujerun motar gwamnati.

Ƙa'idar da Turawa suka bar mana ta ce ƙaramin iyali kawai za a ɗauka, wato miji da mata da 'ya'yan cikinsu. Na zauna a Kumasi da Garwa da Landan. A Landan kaɗai na ga ana auna gida haka.

Yarinyar, Dudu, 'yar ƙanensa ce, amma tun yaye take hannunsa. Ɗansa na fari kuwa yana unguwar Mbamoi wurin kaka, kamar yadda Fulani ke yi. Ke nan ƙa'ida ta ba yaron da ba zai tafi ba kujera, ta hana wadda ba ta san wani gida ba.

Hammadu ya ce, "Malam, in ba ta shiga, ni ma ba na shiga. A karɓi aikin."

Ba ni da ikon sauya ƙa'ida, sai na kai maganar gaban Sakataren Lardi, mutumin Jimeta. Ya saurara, ya girgiza kai.

"In na buɗe wannan ƙofa, kowa zai kwaso unguwar Nassarawo kaf ya loda mini."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gidan wa ka girma?"

"Gidan goggona. Me ya kawo wannan?"

"Da an yi wa mijinta canjin gari, da a tasha za mu bar ka."

Ya dube ni, sannan ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce, "Da kuwa ta fasa muku gilashin mota."

Nan take ya ba da umarni: duk yaron da ke kwana a gidan ma'aikaci, yake cin tuwon gidan, ɗansa ne.

Abin da na koya shi ne, kalmar da aka ɗinka wa wasu mutane sai ka gwada ta a jikin mutanenka kafin ka sa hannu. Ranar tafiya Dudu ce a bakin taga, tana ce wa Hammadu, "Bappa, ka hau mana, za a bar ka."