Refik Bajramovic, Direban da Ya Riƙe Amanar Direbobi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, daidai da goma sha ɗaya ga Ramadan, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Refik Bajramovic a gidansa da ke Waterloo, bayan jinyar wata biyar. Shekarunsa hamsin da shida. 'Yarsa Ajla ce ta kira ni ta faɗa mini. Saura mako shida ya tsaya gaban malamai ya kare kundinsa na digirin digirgir a jami'armu, inda muka shekara shida da rabi muna ofis ɗaya, muna nazarin abin da ke sa direba ya yi kuskure a kan titi.

Yaya Refik, na daɗe ina ɗaga wannan rubutu. Na gaji, kuma ka fi kowa sanin irin gajiyar da aikinmu ke bar wa mutum. Amma idan ban rubuta ba, abin da za a tuna da kai shi ne sanarwar layi uku da sashe ya aika wa ɗalibai, kai kuwa ka fi ƙarfin layi uku.

Ranar da ka fara shigowa ɗakin gwajinmu, cikin Agustan 2018, na ga dattijo mai furfura da tsohuwar jaket, sai na ɗauka kana cikin masu zuwa a gwada tuƙinsu. Na miƙa maka takarda na ce ka cike. Ka zauna ka cike ta tsaf, har da sa hannu. Da ka gama ka miƙo mini, ka ce, "Na gode, ƙanena. To wanne ne teburina?" Ɗalibi ne kai kamar ni. Kunyar ranar ba ta sake ni ba har yau, kai ma ba ka bari ta sake ni ba, don duk sabon ɗalibin da ya zo sai ka ba shi labarin.

Daga baya na san hanyar da ta kawo ka. Ka bar Bosniya bayan yaƙi, wanda ba ka son zancensa. Ka yi aiki a mayanka, sannan ka shekara goma sha huɗu kana tuƙa tirela. Wata rana da tsakar rana, a kan titi mai lamba ashirin, barci ya sace ka. Ka farka tirela na tsaye a tsakiyar gonar masara, ta tsallake hannun masu tahowa ba ta taɓa kowa ba. Sau ɗaya tak ka ba ni wannan labari. Ka ce, "Ban kashe kowa ba, Tarig, amma ba gwanintata ba ce. Babu wanda ke tahowa ne kawai." Ba ka ƙara shekara a kan sitiyari ba ka koma aji, kana zama da sa'o'in 'ya'yanka, matarka Senada tana riƙe da gida.

Ni lissafi na iya. Na zo da tunanin cewa idan aka tara alƙaluma da yawa, direba zai fito fili kamar amsar jarrabawa. Kai ne ka warkar da ni. A shekararmu ta biyu an ba ni bidiyon direbobi sama da ɗari biyu in tantance, in rubuta abin da kowa ke yi kafin motarsa ta fara karkata. Duk wanda na ga ya sauke hannu daga sitiyari ya kai cinya, sai in rubuta cewa waya yake lalube. Wata uku ina wannan aiki. Ka tsaya a bayana da ɗan kofin gahawarka, ka kalli guda biyar, ka ce, "Malam mai lissafi, wannan ba waya yake nema ba. Mintsinin kansa yake, don kada barci ya ɗauke shi." Ga shi rahoton ya kusa tafiya. Na roƙe ka ka rufa mini asiri. Ka ce ba za ka faɗa wa kowa ba, ni ne zan je da ƙafata in faɗa wa shugabarmu, Farfesa Maureen Tollefson. Ka raka ni har ƙofarta. Bayan na fito, ka ja kujera kusa da tawa, muka sake kallon bidiyon nan ɗaya bayan ɗaya har tsawon mako bakwai, alhali naka aikin na jiran ka.

Motar gwajinmu, wadda ba ta zuwa ko'ina sai dai allunan majigi su nuna mata titi, ba ta taɓa burge ka ba. Kakan ce kujerarta ta cika daɗi, kuma wanda bai yi awa biyar a bakin sito yana jiran a yi masa lodi ba bai san barcin da muke nema ba. Shi ya sa da lokacin naka binciken ya zo ka fita waje. Wani kamfanin jigilar kaya ya ɗauki nauyi, ya yarda a sa kyamara a tirelolinsa, muddin direban ya amince. Sai dai direbobi ba sa amincewa da mutanen jami'a. Na bi ka sau da yawa zuwa tashar manyan motoci, cikin sanyin da ke fasa leɓe, kana ɗauke da butar gahawa da burek, fulawar Bosniya mai nama a ciki, da Senada ta naɗa da asuba. Ba ka fara musu da takarda. Kakan fara da ciwon baya, da tsadar taya, da zagin masu tsara musu tafiya. Wani ƙato mai suna Dwight Pruitt ya dube ka ya ce, "Kai, tsoho, kyamarar nan ta maigida ce ko taka?" Ka ce, "Tawa ce. Ranar da maigida ya ga fuskarka a ciki, zo ka cire mini haƙora, ga su nan saura kaɗan." Mutum arba'in da ɗaya suka sa hannu, kuma maganarka suka sa wa hannu, ba hatimin jami'a ba.

Abin da ka gano bai yi wa kamfanin daɗi ba. Sun so a ce na'urar da ke ƙara idan ido ya lumshe ta magance matsalar. Kai kuwa ka nuna cewa yawancin gyangyaɗin yana zuwa ne a ranakun da aka shanya direba a wurin lodi, sannan aka ce ya isa a kan lokaci. Wasu har safa suke rufa wa na'urar, saboda ta dame su da ƙara a hanyar da ba su da wurin tsayawa. Mutum tara ne barci ya ɗauke su sosai suna tafe. Kamfanin ya ce yana son sanin su waye.

Farfesa Tollefson ta ce doka ta hana. Sai suka sassauto: ba sa neman suna, a ba su ranaku da hanyoyin da abin ya faru kawai, su kuma su ci gaba da ɗaukar nauyin aikin shekara biyu. A nan ne na yi abin da ya sa nake jin nauyin wannan rubutu. Tallafin karatuna a jikin aikin yake, matata na da ciki, na ƙosa in gama. Na tare ka a wurin ajiye motoci na ce, "Yaya, ba suna za mu ba su ba. Ranaku ne kawai." Ka dube ni, ba da fushi ba, ka ce, "Tarig, mota ɗaya ce ta bi hanyar Sioux City ranar. Rana da hanya ai suna ne." Na ce mutum taran nan haɗari ne ga jama'a. Ka ce ka sani, shi ya sa ka kira kowannensu ka zauna da shi, biyu ka kai su wurin likitan barci da kanka. Ka ce idan aka kore su, wasu tara za a ɗauka a shanya su a bakin sito ɗaya, kuma daga ranar babu direban da zai sake barin mai bincike ya kalli fuskarsa.

Kamfanin ya janye. Aka kwance kyamarori saura wata huɗu a gama tattara bayanai. Ni na koma koyar da 'yan aji ɗaya, kai kuma ka shiga neman ƙananan masu motoci ɗaya-ɗaya don cike giɓin. Wata biyu ban yi maka magana ba, muna zaune tebur na kallon tebur. Duk Litinin sai in tarar da burek a naɗe a gefen kwamfutata. Ina ci, ba na godiya. Ranar da aka haifi ɗiyata, kai ne ka fara isowa asibiti, ka yi mata addu'a, ka ce da ni, "Sai ka rage taurin kai yanzu, an samu wadda za ta gada." Ba mu sake tayar da zancen ba, ban kuma ba ka haƙuri ba sai da ka kwanta.

Wannan al'amari ya ci maka shekara ɗaya da rabi. Na sha lissafawa: da ka ba su abin da suke so, da ka sa rigar yaye ɗalibai da ranka da lafiyarka, Senada na kallo, tun kafin likita ya ambaci ciwon dajin hanta. Na faɗa maka haka a Fabrairu, lokacin da na zo gaishe ka. Ka rame har zoben aurenka ya koma babban yatsa. Ka yi murmushi ka ce har yanzu lissafi bai bar ni ba.

Abin da ya dame ka a ranar daban ne. Akwai takarda ɗaya a kulle a ofishin Farfesa, wadda ta haɗa lambar kowane direba da sunansa. Ƙa'ida ita ce a lalata ta idan an gama aiki. Ka ce ba ka yarda ka tafi ka bar ta ba, don ba ka san hannun da za ta faɗa ba nan da shekara biyar. Washegari ni da Farfesa muka tabbatar babu sauran abin da ake bukata a cikinta, muka sa ta a injin yayyaga takarda, muka sa hannu a matsayin shaidu. Na tuƙo awa ɗaya da rabi na dawo na faɗa maka. Ka lumshe ido ka ce, "To, na sauke lodi." Ita ce cikakkiyar magana ta ƙarshe da na ji daga bakinka.

An yi jana'izarka ranar Laraba. Bayan mutanen masallaci da na jami'a, na ƙirga direbobi goma sha huɗu a tsaye a baya, huluna a hannu, ba su san abin da ake karantawa ba amma ba su motsa ba har aka gama. Dwight ya ajiye lodi a Omaha ya juyo. Da aka zo zuba ƙasa ya karɓi shebur.

A zaman makoki Ajla ta tambaye ni ko aikin babanta ya ceci wani. Na so in ce mata e, da lamba. Ban iya ba. Na ce mata a sana'armu matattu kaɗai ake ƙirgawa. Wanda ya isa gida lafiya bai san akwai abin da ya tsallake ba, balle ya zo godiya. Abin da na sani shi ne ƙananan kamfanoni biyu sun canja yadda suke tsara tafiya bayan sun karanta rahotonka, kuma mutum taran nan babu wanda ya rasa abincinsa ta dalilinka. Ta ce wannan ya ishe ta.

Babi na biyar na kundinka yana gabana, rabi a rubuce, rabi a 'yan takardun da ka lilliƙa da rubutunka mai wuyar karantawa. Farfesa ta nemi jami'a ta ba ka digirin ko da ba ka nan. Kwamiti na zama, an ce mu jira. Ina yin shafi ɗaya ko biyu a rana. Wani lokaci nakan juya in tambaye ka abin da kake nufi.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya Refik. Ya gafarta maka kurakuranka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara, Ya karɓe ka da falalar watan da ka tafi a cikinsa. Yadda ka rufa wa bayinSa asiri, Allah Ya rufa maka naka ranar da asirai za su tonu. Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljannar Firdausi ce masaukinka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Senada, wadda ta ɗauki nauyin wannan karatu kamar yadda ka ɗauka, da 'ya'yanku Ajla da Kenan, da 'yan'uwanka na nan da na Bosniya, da Farfesa Tollefson da sauran abokan aiki, da direbobin da suka ba ka amana. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Waɗanda ke kan hanya, Allah Ya kai su gida lafiya. Mu kuma, idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Tarig Abdelmagid