Ragon da Malam Abarshi Ya Kai wa Karnukan Ƙanƙara

Da, in Bahaushe ya hango kare a titin Lyon, nan Faransa, sai ya tattare riga ya tsallaka ɗaya gefen. Yanzu kuwa da sanyi ya shigo sai ka ga hotunan 'ya'yanmu a waya, sun sha hula da safar hannu, karnuka na jan su bisa ƙanƙara, suna washe baki. Duk sanda na ga irin hoton nan sai marigayi Malam Abarshi ya faɗo mini a rai, domin a gidansa abin ya fara, kuma ba da son ransa ba.

Ku da kuka san shi kun san tambayarsa. Kome ya gani, "Wa ya aiko shi?" Mai gyaran famfo ya zo a kan lokaci, wa ya aiko shi? Rana ta fito tsakiyar hunturu, wa ya aiko ta? Ni kaina, abokinsa tun muna samari a Yamai, in na je gidansa ban buga waya ba, sai ya leƙa bayana ya tabbata ni kaɗai ne kafin ya amsa sallama. Na zauna da Rashawa, na zauna da Larabawa, na ga masu zargi iri-iri, amma Ba'adaren nan, ɗan ƙasar Adar, ya fi su duka.

Farkon shekarun dubu biyu yana zaune a Montreuil, can saman wani dogon bene. Wata tsohuwar Baturiya a benen tana da kare irin na ƙasashen ƙanƙara, wanda ake ce wa haski. Ran da na je, muna tsaye bakin asansar, injin nan mai hawa da mutane sama, sai ga ta da karen. Abarshi ya damƙe mini hannu.

"Mamman, ka ga idonsa?"

"Na gani. Shuɗi ne."

"Ka taɓa ganin kare da idon Bature?"

Na ce masa na gan su da yawa a Kanada lokacin da nake aikin tafinta. Asalinsu Sibiriya, kuma mutanen can sun riƙe su yadda Buzaye suka riƙe raƙumi: su ke jan kaya, su ke kai mutum gari.

"Kai dai an nuna maka abin da ake so ka gani. Tunda na zo gidan nan ban taɓa jin ya yi haushi ba. Sai dai ya ɗaga kai sama ya yi ta kuka, yana kiran 'yan'uwansa. Wannan kyarkeci ne ya samu gidan haya!"

Daga ranar bai ƙara shiga asansar ba. Da ciwon gwiwarsa da buhun shinkafarsa, matakala yake bi har sama. Bayan tsohuwar ta tashi daga gidan na ce masa to, sai a huta da hawa. Ya kalle ni da tausayi ya ce, "Wa ya gaya maka ta tafi da shi?"

Da aiki ya mayar da shi Villeurbanne, abin ya ƙara muni, domin lokacin labarin kyarketai na gaskiya ya cika tele, wato talabijin. An daɗe da ƙarar da su a Faransa, sai ga su sun dawo ta duwatsu daga Italiya, suna yaɗuwa, makiyaya na kuka, doka kuma ta hana a taɓa su yadda aka ga dama. Muna shan shayi a falonsa mai labarai ya ce da kansu suka dawo. Abarshi ya dire kofi.

"Da kansu? Dabba ta tashi daga Italiya ta san hanyar Faransa? Ni da na shigo da biza, na sha layi cikin sanyi a sabunta mini takarda. Shi ya shigo ta daji, ya ci tumakin mutane, aka ce kar a taɓa shi. Mamman, wannan yana da babba a gwamnati!"

To, Allah da ikonsa, sai ɗansa Nuhu, wanda ya gama karatun injiniya nan Villeurbanne, ya je hutu duwatsun Vercors, ya ga masu tuƙa karnuka, hankalinsa ya tafi. Ya koyi aikin, ya tara karnukansa, ya zo ya durƙusa gaban uban yana neman albarka.

"Baba, su ke jan tireno, wani keken katako ne marar ƙafa, yana zamiya bisa ƙanƙara. Ni nake tuƙawa."

"A garinmu jaki ke ja, raƙumi ke ja, sa ke ja. Kare gadi ne aikinsa. Masu shuɗin idon nan ne?"

"Wasunsu, Baba."

"Tashi ka ba ni wuri. Ba na sa albarka a kiwon kyarkeci."

Nan fa dariya ta ƙare. Abarshi ya daina ɗaukar wayar yaron. In Nuhu ya zo gida, uban sai ya ɗauki sandarsa ya tafi masallaci, ba ya dawowa sai ya tabbata ya tafi. Sanyi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Hajiya Rakiya, uwar yaron, ta rame. Shi kuma Nuhu, wanda Tonton yake kira na, wato kawu, ya same ni ya ce, "Tonton, ba na neman kome wurinsa. Ya ɗora mini hannu a kai kawai. Kullum in na fita da karnukan nan sai in ji kamar sata nake yi."

Na yi ta lallashin Abarshi har ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Mahaifinsa makiyayi ne a Adar, kuma a can, in ji shi, in kana son sanin kare sai ka haɗa shi da tunkiya. Na gari zai kwanta kusa da ita, mugu kuwa zai nuna halinsa.

Na ce, "Abarshi, waɗannan ba karnukan kiwo ba ne. Na gudu ne, kuma jinin farauta bai fita jikinsu ba."

"To ka gani? Da bakinka ka faɗa!"

Na so in gargaɗi Nuhu, amma da safen da za mu tafi mutumin nan ya karɓe wayata ya jefa aljihu, wai kar in ba su satar amsa. Muka biya wurin manomin da yake sayen ragon layya, ya zaɓi wani ƙaƙƙarfa mai ƙaho, muka cusa shi bayan motata. Har muka hau duwatsun nan rago na kuka, ni ina addu'a, Abarshi na duba madubi ko ana bin mu.

Mun tarar Nuhu ya ɗaura wa karnuka igiyar ja, sun jeru biyu-biyu. Ya taho da murna zai gaida uban, sai ya ga abin da ke fitowa daga bayan mota.

"Baba! Me ye wannan?"

"Alƙali ne."

Wayyo! Karnukan nan na ganin rago suka haukace. Tsalle, kuka, fizgar igiya, ba don an ɗaure tirenon a jikin itace ba da sun iso mu. Abarshi ya juyo gare ni fuskarsa cike da nasara, zai buɗe baki ke nan rago ya fizge igiya ya yanki daji. Shi kuma jinin makiyaya ya motsa masa. Dattijo da babbar riga a kan kwat ɗin sanyi ya bi rago da gudu yana "Tare! Tare!" kamar akwai wanda zai tare. Na bi su ina haki. Mun yi nisa cikin itatuwa, inda mota ba ta shiga, na same shi zaune cikin ƙanƙara riƙe da idon sawu, ya gurɗe. Rago kuwa ko ƙurarsa.

Ba a jima ba sai ga Nuhu da karnuka.

"Ba zan hau ba," in ji Abarshi.

"Baba, ba zan iya goya ka har mota ba, Tonton ma numfashinsa bai dawo ba. Ko ka hau, ko mu zauna nan. Kuma kyarketan gaskiyar, waɗanda ka gani a tele, cikin dajin nan suke."

Ya dubi daji. Ya dubi karnuka. Ya sake duban daji.

"Gara waɗanda na san uban mai su. Ɗaga ni."

Na zauna na rungume shi ta baya, Nuhu ya tsaya a ƙarshen tireno. Abarshi ya fara karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Yaron ya ce, "Mu je!" Nan take kukan nan ya ɗauke ɗif, sai numfashin karnuka da sautin katako bisa ƙanƙara. Babu bulala, babu linzami. Muka zo mararraba ya ce, "Dama!" Karyar da ke gaba ta karkata dama, saura suka bi. Wani jan kare a tsakiya ya fara cizon na kusa da shi, Nuhu ya kira sunansa sau ɗaya, ya nutsu.

Sai na ji addu'a ta tsaya.

"Kai Nuhu. Hausa suke ji?"

"Ita na koya musu, Baba."

"Kai da ko gaisuwa sai ka haɗa da Faransanci?"

"In na yi musu Faransanci raina ni suke. Da irin muryarka nake musu tsawa."

Na fashe da dariya, amma shi bai yi ba. Can ya ce, a hankali, kamar ba da mu yake ba, haka mahaifinsa ke yi da shanu. Ya tsaya bakin rijiya ya kira saniya da sunanta, ta ratso garke ta zo. Tun da tsohon ya rasu bai ƙara ganin mai wannan baiwa ba.

A ɗakin Nuhu, an naɗe masa ƙafa, yana shan shayin da ya shinshina tukuna, ya ce yaron ya matso. Nuhu ya durƙusa.

"Kar ka ɗauka na canja magana. Kyarketai ne. Rago ya ba da shaida, kowa ya gani. Amma wanda Allah ya ba ikon ya ce wa kyarkeci dama ya yi dama, ba ni zan hana shi albarka ba." Ya ɗora masa hannu a kai. "Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka daga sharrinsu ran da za su tuna ko su wane ne."

Yaron nan mai gemu ya kifa kai a gwiwar uban yana kuka. Ni ma na juya ina gyaran tabarau.

Ragon fa? An same shi a rumfar wani makiyayi da ke kusa, yana cin ciyawa hankali kwance. Da aka kawo shi Abarshi ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Wannan da su aka haɗa baki." Ya ƙi sa shi a mota, ya bar wa makiyayin.

Har ya koma ga Allah bai taɓa shafa kare ba, bai kuma ƙara hawa tireno ba. Amma bai sake fita daga gida don ɗansa ya shigo ba. Nuhu ne ya yi jinyarsa, shi ya yi masa wanka, shi ya raka gawarsa gida, can Tawa.

Allah ya jiƙan Malam Abarshi, ya yafe masa, ya yafe mana dariyar da muka yi masa. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya saukar da shi inda babu abin tsoro. Ya bar duniya yana shiri da ɗansa, kuma Nuhu na fita aikinsa kowace safiya da albarkar uba.